Idon mai sana'a a Kebbi: daga tartsatsin walda zuwa ƙaiƙayin shinkafa

Idan aka ce masana'antu a jihar Kebbi, abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne manyan kamfanonin shinkafa, irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Sai dai mafi yawan masu cin abinci da guminsu ba a cikin waɗannan katangu suke ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya a jihar nan a watan Nuwamban 2015, noman rani ya ƙara bunƙasa, kuma kowane buhun shinkafa ya jawo sana'o'i a bayansa. Akwai mai injin casa, da bakaniken injin ban-ruwa, da mai walda da ke harhaɗa injin bugu, da mai faci, da mai cajin batir, da mai buga bulon da za a gina sito. Ka bi bakin titi a Birnin Kebbi ko Jega ko Kamba ko Yauri, ƙarƙashin kowace rumfar kwano za ka tarar da maigida ɗaya da yara uku ko huɗu suna fama da wuta da ƙarfe da ƙura. Ka dubi fuskokinsu da kyau, ƙalilan ne ke da wani abu tsakanin idonsu da abin da suke aiki a kai.

Matsalar ta game duniya. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2023, tare da hukumar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da makanta, ya ƙiyasta cewa ana samun raunin ido kimanin miliyan 3.5 a wuraren aiki duk shekara, kuma mutum miliyan 13 na rayuwa da raunin gani mai alaƙa da sana'arsu. A Amurka, inda doka ke da haƙora, ma'aikata kusan 2,000 ne ke neman magani kowace rana saboda ciwon da ido ya ji a bakin aiki, kuma likitocin ido na can sun daɗe suna cewa tara cikin goma na irin wannan rauni tabarau mai kyau zai iya hana shi. A Najeriya, babban binciken makanta da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. Amma a lura da abu biyu game da wannan lissafi: manya ya ƙirga, kuma da idon da ya fi lafiya ake auna makanta. Saurayi ɗan shekara goma sha tara da ƙarfe ya tsiyaye masa ido ɗaya ba ya cikin ƙidayar. Shi ya sa wannan asara take tafiya shiru, gida-gida, ba ta shiga kasafin kowa.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne cewa a wuri biyu ake rasa ido. Na farko a shago, lokacin da aka kunna inji ba tare da kariya ba. Na biyu a cikin awoyin da suka biyo baya, tsakanin shagon da kemis da ɗakin uwa. Sau da yawa na biyun ne ke ƙarasa abin da na farko ya fara.

Kafin a gane haka sai an san abin da ake karewa. A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai da haske ke ratsawa. Kaurinsa a tsakiya kusan rabin milimita ne. Ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, domin da yana da ita da ba zai yi garau ba, amma jijiyoyin jin zafi sun cika shi fiye da kusan ko'ina a jiki. Fatarsa ta sama tana warkewa da sauri, cikin kwana ɗaya ko biyu, ba tabo. In kuwa rauni ya zarce zuwa ƙasa, da tabo yake warkewa, tabon nan fari shi ne hakiya. Hakiya a gefe ba ta hana gani sosai. Hakiya a tsakiya, daidai inda haske ke shiga, ta gama da idon, sai dai dashen sabon tantani, aikin da samunsa ke da wuya ƙwarai a ƙasar nan saboda ƙarancin masu ba da gudummawarsa.

Mu fara da wanda kowane ɗan koyon walda ya sani. Maigida ya jera ƙarafan ƙofa a ƙasa, ya ce wa yaro, "Riƙe min nan, ka kawar da kai." Yaro ya riƙe, ya ɗan karkata fuska, amma yana satar kallo don kada hannunsa ya goce. Wuta ta yi fau, ta sake yin fau, har aka gama ɗaure ƙofar. Ya wuni lafiya lau, ya ci tuwon dare, ya kwanta. Can tsakar dare ya farka ido ya ƙi buɗuwa, hawaye na zuba, yana cewa kamar an zuba masa yashi. Uwa ta haska fitila, ya kare fuska da hannu yana kuka. Ta ce afolo ne. Ba afolo ba ne. Wutar walda tana fitar da wani haske da ido ba ya gani, dangin wanda ke cikin hasken rana amma mai tsanani, shi ne ya ƙona fatar tantanin nan. Zafin ba ya bayyana sai bayan awa shida zuwa sha biyu, shi ya sa mutane da yawa ba sa haɗa shi da aikin rana.

Wannan ciwon kansa yakan warke cikin kwana biyu zuwa uku, in an huta a ɗaki mai duhu, an ɗora tsumma mai sanyi a kan fatar ido, an sa man ido na kashe ƙwayar cuta da ma'aikacin lafiya ya rubuta. Haɗarin yana cikin abin da ake zubawa. Wani madarar gwangwani, wani ruwan sukari, wani nonon mai shayarwa, wani ruwan albasa. Ido ne da fatarsa ta saɓule, ƙofa a buɗe, duk abin da aka ɗiga yana iya shiga da ƙwayar cuta. Mafi muni shi ne maganin kashe zafi na ɗigawa, wanda likita ke sa wa sau ɗaya don ya samu damar duba ido. Wanda ya samu kwalbarsa ya riƙa ɗigawa da kansa zai ji daɗi nan take, amma maganin yana hana fatar warkewa, har tantanin ya narke mutum bai ji ba.

Sai batun baƙin tabarau na kasuwa, wanda yawancin masu walda a bakin titi suka mayar abin aiki. Na kwalliya ne, an yi shi don rana. Gilashin walda na gaskiya yana da lambar duhu a jikinsa, kuma waldar lantarki tana bukatar lamba 10 zuwa 13 gwargwadon ƙarfin wutar. Tabaron kasuwa bai kusa da haka ba, ga gefensa a buɗe, ga shi yana rage ƙyallin da zai sa mutum ya kawar da kai, sai ya daɗe yana kallon wutar. Kuma ba ya kare fuska da wuya. Garkuwar walda ta hannu ko ta kai ita ce abin aikin, kuma wanda ke riƙe ƙarfe yana bukatar tasa kamar yadda mai riƙe da wuta yake bukata. Haka mai shayin da ke gefe da yaran da ke tsayawa kallo. Tsohon kwano ko falankin katako da aka jingina tsakanin wuta da hanya ya isa ya kare su.

Duk da haka, ba hasken walda ne ya fi cin ido ba. Injin gurza ƙarfe ya fi shi ɓarna. Ƙaramin nan na hannu yana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, kuma kowane tartsatsi da ka gani ɓarɓashin ƙarfe ne mai zafi. Idan ɗaya ya sauka a tantanin ido yakan manne. Cikin 'yan awoyi hawaye ya sa shi tsatsa, tsatsar ta yi zobe ta kama naman da ke kewaye. A nan ne abokan aiki ke taruwa, wannan ya busa, wancan ya kawo tsinken ashana ko kusurwar takardar kuɗi, wani ya sa harshe, wani ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika. Ko ƙarfen ya fita tsatsar tana nan, ga ƙarin ƙarzuwa, ga datti. A asibitin ido aikin minti kaɗan ne ƙarƙashin na'urar da ke girmama abu, a cire ƙarfen da tsatsarsa a sa magani. Ƙari a kan haka, masu yawa suna cire murfin kariya na injin don su ɗora faifan da ya fi shi girma. Kowane faifai yana da iyakar gudun da zai iya jurewa, a rubuce a jikinsa, kuma babban faifai a kan ƙaramin inji ya wuce iyakarsa. Ranar da ya fashe, tabarau kaɗai ba zai wadatar ba, shi ya sa mai gurza ke bukatar tabarau da garkuwar fuska mai haske a kansa.

Akwai wanda ya fi wannan ban tsoro domin ba ya zuwa da hayaniya. Bakanike yana dukan boris da guduma, ko maƙeri yana saran ƙarfe mai tauri, ko mai fasa dutse a wuraren haƙar zinariya na yankin Yauri. Wani ɗan ɓallin da bai kai ƙwayar gero ba ya tashi da gudu, ya huda ido ya shige ciki, ƙofar ta rufe kanta. Mutum ya ji ɗan tsiko, ya murza, ya ci gaba da aiki, gani bai ragu ba. Ƙarfen yana kwance a ciki. Ko dai ya shiga da ƙwayar cuta cikin ido ya yi mugunya a 'yan kwanaki, ko ya zauna watanni yana sakin tsatsa tana kashe tantanin baya mai ɗaukar hoto a hankali. Saboda haka duk wanda ya ji abu ya bugi idonsa yana cikin dukan ƙarfe da ƙarfe, ya je a duba shi a ranar, ya kuma faɗa wa likita ainihin aikin da yake yi, domin wannan bayanin ne zai sa a ɗauki hoton da zai nuna ƙarfen.

Idan kuwa ido ya fashe a fili, ko ga abu a soke, ko baƙin ido ya karkace, ko jini ya taru a gabansa, to a nan ba a wankewa, ba a dannawa, ba a zare komai, ba a shafa mai. A yanke gindin kofin roba ko na gorar ruwa a kifa a kan idon, bakinsa ya zauna a kan ƙashi, a manne da filasta. Kada a ba shi abinci, don mai yiwuwa a shiga da shi tiyata. Likitoci sun fi son ɗinke irin wannan rauni cikin awa 24. Akwai sashen ido a asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi, wanda a da ake kira cibiyar lafiya ta tarayya, kuma abin da ya fi ƙarfin nan ana turawa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ga wanda ke Zuru ko Dakingari tafiya ce, don haka daren da aka ce "bari mu gani zuwa safe" yana da tsada.

Sinadari kuma hukuncinsa akasin haka ne, kuma a nan ake yawan rikicewa. Ruwan batir asid ne. Batir da ake caji yana fitar da iskar gas mai kamawa da wuta, tartsatsi ɗaya daga kan waya ya isa ya fasa shi a fuskar mutum. Asid yana ƙona ido, amma yakan daskarar da naman da ya taɓa, hakan ya ɗan rage masa shiga. Siminti da sodar da mata ke haɗa sabulu da ita sun fi shi haɗari, ko da yake an fi raina su. Yadda soda ke narkar da mai ta mayar da shi sabulu, haka take yi wa kitsen da ke jikin ƙwayoyin naman ido, ta narkar ta ƙara nutsawa, cikin mintuna ta isa ciki. Jiƙaƙƙen siminti danginta ne, kuma gudajinsa yakan maƙale ƙarƙashin fatar ido ya ci gaba da ƙuna. Haka maganin ciyawa da ake zubawa a injin feshi a fadama, wasu nau'o'insa suna ƙona ido sosai in suka fantsama lokacin haɗawa.

Maganin farko ruwa ne, nan take, a wurin da abin ya faru, kafin a nemi babur. Ruwan buta, ruwan leda, ruwan famfo, duk wanda ake iya sha. A kwantar da mutum, a karkata kansa ta ɓangaren idon da ya ji ciwo don kada ruwan ya gangara ɗayan, a buɗe fatar idon da yatsu ko yana ƙi, a yi ta zubawa minti 20 zuwa 30 yana juya ƙwayar idon, a ɗaga fatar sama a fitar da gudajin siminti. Minti talatin yana da tsawo in mutum na ihu, akasari ana tsayawa bayan buta ɗaya. Kada a tsaya. Bayan nan a tafi asibiti da kwalba ko buhun abin da ya zuba. Wani abin lura: idon da soda ta ƙona ya yi fari fat ya fi wanda ya yi ja muni, domin farin yana nufin jijiyoyin jini sun mutu.

Yanzu ga wanda ya fi shafar Kebbi, kuma shi ne aka fi sakaci da shi domin ba wanda ke ɗaukar shinkafa a matsayin abin tsoro. Lokacin girbi a fadamun Argungu da Augie da Suru da Bunza, dubban mutane ne ke yanka da bugu da shiƙa. A injinan casa kuwa ɓuntu ke tashi wuni guda. Ɓawon shinkafa yana da kaushi da ƙananan ƙayoyi, ganyenta yana da kaifi. Idan ƙwaya ta fallatsa ko ganye ya shafi ido, ƙarzuwar ƙarama ce, amma tsiro yana ɗauke da ƙwayoyin funfuna, kuma raunin tsiro shi ne babbar hanyar da funfuna ke kama tantanin ido a ƙasashe masu zafi. Ba ta da gaggawa. Kwana biyu ko uku ido yana ja yana hawaye, mutum yana cewa ƙaiƙayi ne bai fita ba. Sai ya nufi kemis.

"Malam, a ba ni maganin jan ido, mai ƙarfi."

"Ga wannan, Baba. Yau ɗin nan za ka ji sauƙi."

Kuma zai ji sauƙin. Yawancin magungunan da ke kwantar da jan ido da sauri suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda za ka ga an rubuta dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone a jikin kwali, sau da yawa a haɗe da maganin kashe ƙwayar cuta. Aikinsa shi ne ya kwantar da garkuwar jiki. Ja ya ragu, zafi ya lafa, manomi ya koma gona yana sa wa mai kemis albarka, alhali an ɗaure wa jiki hannu an bar funfuna tana ci. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ga farin ɗigo a baƙin ido, ya zama gyambo, mugunya ta kwanta a ƙasansa. Maganin ƙwayar cutar da ke cikin kwalbar ba ya taɓa funfuna, nata maganin daban ne, kuma ana ɗaukar makonni ana ɗigawa. Wasu sai ido ya huje suke isa asibiti, wani lokaci ba abin da ya rage sai a cire shi. Ko babu funfuna, daɗewa a kan sitiroyid yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido. Ban ga dalilin da zai sa a ci gaba da sayar da wannan magani ga duk wanda ya miƙo kuɗi ba. Mai kemis da ya tambayi mutum "wani abu ya shiga idon?" ya ji an ce eh, ya tura shi asibiti, ya yi aikin da ya fi sayar da kwalba ɗari.

To me ya sa ba a sa tabarau? Kuskure ne a ce jahilci ne kawai, domin masu sana'a suna da hujjojinsu kuma wasu gaskiya ne. A watan Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40, tabarau mai rufe ido ruf yana yin gumi ya dushe cikin minti biyar. Mai arha yana ƙarzuwa cikin mako, mutum ya koma ba ya ganin layin da zai yanka. Amsar wannan ita ce a zaɓi mai kyau. Na roba mai tauri da ake kira polikabonet ba ya tarwatsewa yadda gilashi ke yi, yana da kariya a gefe, wasu suna da ƙofofin shan iska. A duba jikinsa a ga alamar Z87 ta Amurka ko EN 166 ta Turai. A wanke shi da ruwa da sabulu maimakon goge shi da rigar aiki mai ƙura, a rataye shi a jikin injin, in ya dushe a canza. Kuɗinsa bai kai na kwalin sandunan walda ba.

Akwai wata hujja da ba a cika faɗa ba. Daga shekara arba'in ganin kusa yana raguwa ga kowa. Maigida da ya kai wannan shekaru yana ɗaga garkuwa ne don ba ya ganin bakin ƙarfen ta cikin duhun gilashi, shi kuwa yana zaton laifin gilashin ne. Tabaron karatu da aka auna masa, a ƙarƙashin garkuwar, yakan warware matsalar. Wannan yana da muhimmanci domin yara abin da suka ga maigida yana yi suke yi. Inda babba ke walda da ido tsirara yana runtsawa, ƙaramin da ya sa tabarau za a ce masa rago.

Sai kuma maganar da ke rufe kowace muhawara: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah, kuma shi ne ya yanke wa ido ɗaya rabin diyyar rai, raƙuma hamsin. Abin da shari'a ta kimanta haka bai kamata a bar shi a hannun sa'a ba, balle in idon ɗan wani ne da aka kawo maka amana ya koyi sana'a. Uban da ya kai ɗansa shago yana da haƙƙin ya tambayi maigida ko yaron zai samu tasa garkuwar, in babu ya saya masa kafin ya saya masa waya.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar masana'antu ta 1987, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta wajabta samar da tabarau ko shinge a ayyuka irin su gurzar ƙarfe da walda, ta kuma ce a kare sauran ma'aikata daga hasken waldar lantarki. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ce ke da alhakin dubawa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi ga asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, wato NSITF, domin a yi wa wanda ya ji rauni magani a biya shi, ba tare da sai ya tabbatar da laifin kowa ba. Ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da wanda yake wa aiki, shi kuma yana da kwana 7 ya kai rahoto, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Duk mai aiki a kamfani mai rajista ya san wannan, ya kuma nemi takardar asibiti tun ranar farko. Amma mu faɗi gaskiya, ɗan koyo ba shi da albashi, leburan da ake sallama da yamma ba shi da takarda, mace mai shiƙa a bakin injin casa ba ta cikin rajistar kowa. Sufeton da zai zagaya rumfunan ƙananan hukumomi 21 ba ya nan tafe.

Waɗanda ke nan su ne ƙungiyoyin masu sana'a. Masu walda suna da shugabanni, haka bakanikai da masu injin casa da masu bulo. Suna karɓar kuɗin ƙungiya, suna sasanta rikici, suna cin tarar wanda ya karya farashi. Ƙungiyar da ke iya wannan tana iya cewa ba a yaye ɗan koyo sai da garkuwarsa, ba a kunna injin da aka cire wa murfi, kuma kowane shago ya ajiye jarkar ruwa mai tsabta da ba a taɓawa sai don ido. Tana iya sayen tabarau da yawa a sari ta raba wa 'ya'yanta, ta gayyaci ma'aikacin jinyar ido ya zo ya auna manya ya nuna yadda ake wanke ido, musamman gab da girbi. Sarakunan sana'a da limaman unguwa in suka sa baki maganar za ta fi shiga.

Akwai kuma waɗanda abin ya riga ya faru da su, kuma suna da yawa a shagunanmu. Mai ido ɗaya yana rasa wani ɓangare na ganin gefe, auna nisa kuma yana yi masa wuya, don haka ya fi kowa kusa da haɗari na biyu, ga shi yakan koma sana'ar da ta ci idon farko domin ita ya iya. A mazhabar Malikiyya idon da ya rage masa cikakkiyar diyya ce, saboda shi ne dukan ganinsa. Irin wannan mutum ya kamata ya sa tabaron polikabonet wuni guda, a shago da kan babur da gona, ko ba ya bukatar gilashin ƙara gani. Idan idon farko hujewa ya yi, ya sani cewa a wasu lokuta ƙalilan garkuwar jiki tana juyowa ta kama mai lafiyar, bayan makonni ko ma shekaru. Da ya ga mai lafiyar ya yi ja, ko haske ya fara damunsa, ko gani ya dushe, ya wuce kemis ya nufi likitan ido a ranar, ya gaya masa tarihin raunin farko. Maigidansa kuma ya ɗauke shi daga kan injin gurza da guduma, ya ba shi awo da haɗawa da fenti.